Zangon Masu Ilimi: Sanayya da Jagoranci a Rayuwar Ɗalibin Harshe Bayan Jami'a

Gabatarwa

Ranar da aka yaye ɗalibai daga jami'a, takardar shaida iri ɗaya ake miƙa wa ɗan babban ma'aikaci a Yamai da ɗan manomi daga Dakusa. Bayan shekara biyu ko uku sai a tarar ɗaya yana ofis, ɗayan kuwa yana gida yana jiran sanarwar ɗaukar aiki wadda sau da yawa ba ta isa gare shi sai an rufe karɓar takardu. Ba dole ne ƙwazo ya raba su ba. Galibi abin da ya raba su shi ne mutanen da kowannensu ya sani, da irin labarin da ke biyowa ta hannun mutanen nan.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ilimin walwalar harshe da muke karantawa a aji yana da bayani game da wannan matsala, tarihin fataucin Damagaram kuma yana da samfurin maganinta. Tsofaffin ɗaliban sashen harshe suna iya ɗaukar wannan samfuri su gina wa ƙannensu abin dogaro.

Daga Dakusa zuwa Jami'a

Dakusa ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Takeita, cikin jihar Damagaram, inda yawancin jama'a ke rayuwa a kan noman gero da dawa da wake, da kuma kiwo. Yaron da ya tashi a nan ya kai jami'a ya tsallake siratsai da dama: firamare, kwaleji da jarrabawar BEPC, sannan lise da bakaloriya, sau da yawa a birnin Zinder, yana zaune a gidan wani ɗan'uwa ko abokin mahaifi.

Kafin shekarar 2010, wanda ke son cikakkiyar jami'a ta gwamnati sai ya nufi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. A shekarar ce aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Zinder. Ta Zinder a yau tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi haifaffen birnin, wanda ya wallafa littafi kan Daular Damagaram a 1971, ya kuma shugabanci Babban Taron Ƙasa na 1991. Karatu ya matso kusa, amma ma'aikatu da manyan ofisoshin ƙungiyoyi da cibiyoyin binciken harshe suna nan a Yamai. Can ake yanke shawarar ɗaukar ma'aikata, can kuma labarinta ke fara yawo.

Ɗalibin Dakusa ba maraya ba ne. Yana da dangi da abokan makaranta da ƴan fadarsu, wato majalisar shayi ta samari da ta zama ruwan dare a garuruwan Nijar tun shekarun 1990. Tambayar ita ce: me ya sa duk yawan mutanen nan ba su cika kai shi ga aiki ba?

Shaƙuwa da Sanin Shanu

A tsakiyar shekarun 1970, masaniyar walwalar harshe Lesley Milroy ta yi bincike a unguwanni uku na ma'aikata a birnin Belfast, ta fitar da sakamakonsa a littafi a 1980. Abin da ta auna shi ne yadda hulɗar mutum take a saƙe. Idan mutanen da ka sani su ma duk sun san juna, kuma mutum guda shi ne maƙwabcinka, shi ne ɗan'uwanka, shi ne abokin aikinka, to saƙarka matsattsiya ce. Milroy ta gano cewa masu irin wannan saƙa sun fi kowa riƙe karin harshen unguwarsu, domin jama'ar da ke kewaye da su ba ta barin su kauce. Sabon furuci kuwa yakan shigo ta bakin masu ƙafa ɗaya a waje, kamar ƴan matan unguwar Clonard da ke fita aiki a wajen unguwarsu.

Don bayyana wannan, ita da James Milroy sun jingina da aikin masanin zamantakewa Mark Granovetter, wanda ya binciki yadda ƙwararrun ma'aikata suka sami aiki a garin Newton, kusa da Boston a Amurka. Kashi 56 cikin ɗari sun samu ne ta hanyar wani da suka sani. Da ya bi diddigin wasu daga cikinsu, sai ya ga kimanin kashi 17 cikin ɗari ne kawai suke yawan ganin mutumin da ya ba su labarin. Sauran jefi-jefi suke haɗuwa da shi, wasu ma sai a shekara ba a gamu ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi kan mutane miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, ya ƙarfafa wannan ra'ayi, tare da ƙarin cewa hulɗa mai matsakaicin rauni ta fi amfani a kan wadda ta yi sako-sako ƙwarai.

Bahaushe yana da suna ga hulɗa mai rauni, wato sanin shanu, kuma yakan faɗe shi da raini. Amma dalilin amfaninsa a fili yake. Abin da amininka ya ji, kai ma ka ji shi, tun da wuri ɗaya kuke zama. Wanda kuka yi sanin shanu da shi yana zama a wata majalisa, yana jin abin da ba ya zuwa taku. Hanyar da sabon sauti ke bi ya shiga karin harshe, ita labarin aiki ke bi ya shiga gari. Shaƙuwa tana ciyar da mutum ranar da ba shi da ko dala, tana yi masa jinya, tana tsaya masa a aure da suna. Abin da ba ta cika iyawa ba shi ne kawo masa labarin da babu shi a cikin da'irar.

Zango da Maigida

Sanin shanu yana da nasa rauni: yana kawo labari, amma ba ya kawo amana. Fataken ƙasar Hausa sun daɗe da magance wannan. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, Zinder ta zama mahaɗar ayarin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Borno da Agadas har zuwa Tarabulus. Sarki da fadawa suna cikin Birni, baƙin fatake kuwa suna sauka a Zango, unguwar da har yau take amsa wannan suna. Falken da ya iso garin da bai san kowa ba yakan sauka a hannun maigida.

Abner Cohen, wanda ya nazarci unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana aikin maigida a fataucin shanu da goro. Yana ba baƙo masauki, yana haɗa shi da masu saye ta hannun dillalansa, idan kuma cinikin bashi ne yana tsayawa lamuni. Jarin maigida shi ne sunansa. In ya lamunci macuci, asarar a kansa take, baƙi kuma su sauya masauki. Ta haka mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba suke ƙulla ciniki mai nauyi.

A Maraɗi ma, Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 kan Alhazan birnin cewa ana auna ɗan kasuwa da arzikin mutane, wato yawan waɗanda ke ƙarƙashin inuwarsa, kamar yadda ake auna shi da kuɗi. Bara yana yi wa ubangidansa hidima, yana koyon sirrin sana'a, daga baya a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Ubangidan kirki shi ne wanda ya sallami yaransa da abin yi.

Masauki, haɗawa, lamuni da sallama: waɗannan su ne ayyukan da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ya kamata ta gada.

Jagoranci a Tarihin Nazarin Hausa

Fagenmu yana da misalai biyu da suka cancanci a ajiye su kusa da juna. Na farko ɗan ƙasar Damagaram ne. An haifi Dorugu wajen 1840, aka kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da ɗimbin kalmomi. Wannan taska ta shiga nahawun Schön na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Sunan da ke bangon littattafan na Schön ne, kuma sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fito da labarin Dorugu a littafin da ya sa shi a gaba.

Na biyu shi ne Abubakar Imam. Ya shiga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 da Ruwan Bagaja. R. M. East ya ga alamar baiwa, ya nemi a kawo shi Zariya a 1936, suka zauna kan aiki shafi bayan shafi har Magana Jari Ce ya fito da sunan Imam. A 1939 Imam ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Zamanin mutanen biyu da halin da kowa ya sami kansa sun bambanta, amma darasin yana nan. Jagoranci na gaskiya a kan wani aiki takamaimai yake gudana, ana gyara ana maimaitawa. Yana ƙarewa da buɗe wa ƙarami ƙofa. Kuma sunan wanda ya yi wahala ba ya ɓacewa. Duk malami ko tsohon ɗalibin da ya aiki ƙaninsa ƙauye ya naɗo masa hira, ya juya ta a rubuce, ya fassara, to hakkin ƙanin ne sunansa ya fito a aikin, domin wannan suna shi ne jarin da zai fara da shi.

Ina Aikin Yake?

Ɗalibin harshe yakan ɗauka cewa alli da allo kaɗai ke jiran sa. Koyarwa aiki ne mai daraja, kuma Zinder tana da tarihi a kai, domin a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Amma fagen ya fi haka faɗi. A Yamai akwai cibiyar INDRAP mai shirya littattafan makaranta, da CELHTO ta Tarayyar Afirka mai tattara tarihin baka, wadda asalinta ya koma 1968. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki.

Doka ba ta ɗaukar kowa aiki da kanta. Abin da take yi shi ne haifar da buƙata: masu fassara dokoki da sanarwar lafiya, tafintoci a kotu da asibiti, masu ƙirƙirar kalmomin fannu, masu gyaran rubutu bisa ƙa'idojin da hukuma ta tsayar a 1999, masu horar da malaman yaƙi da jahilci. Ɗan Damagaram da ya haɗa Hausa da Kanuri ko Fulatanci ko Tamajak yana da ƙarin daraja, tun da jihar ba ta harshe ɗaya ba ce. Akwai kuma gidajen rediyon al'umma, da Studio Kalangou da ya fara shirye-shirye a 2016, da sassan Hausa na kafofin waje, waɗanda na BBC ya fara tun 1957.

Fasahar harshe ma ta buɗe ƙofa. Google Translate ya sa Hausa a 2013, ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka a kwamfuta ta kafu a 2019, shirin Common Voice kuma yana tattara muryoyin masu magana da Hausa. Galibin rubutun Hausa da ke intanet daga Nijeriya yake fitowa, saboda haka Hausar da ake cewa lakwal da mushe da jandarma tana buƙatar masu kawo ta.

A nan ne iyaka take zama dama. Kano tana da nisan kimanin kilomita 240 daga Zinder, ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, a Sakkwato da Zariya da Katsina kuma akwai sassan da ke yaye masu digiri na uku a Hausa. Ɗalibin Nijar yana karanta abin da aka rubuta da Faransanci wanda takwaransa na Kano ba ya iya karantawa, shi kuma na Kano yana da nasa da Ingilishi. Kowannensu baƙo ne mai amfani a zangon ɗan'uwansa.

Tsakanin Sanayya da Alfarma

Mai karatu zai iya cewa: ashe ba wannan ba ne abin da ƴan Nijar ke yi wa laƙabi da PAC, wato dangi da abokai da sanayya, wanda ke hana ɗan talaka shiga ko'ina? Tambayar tana kan hanya. Tarihi ya nuna ƙarfin zumuncin makaranta: Diori Hamani da Boubou Hama da Djibo Bakary duk sun fito daga makarantar William Ponty ta Senegal, kamar yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito daga Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa. Irin wannan zumunci yana iya gina ƙasa, yana kuma iya rufe ƙofa ga wanda ba ya ciki.

Ma'aunin rarrabewa ba shi da wuya. Mai alfarma yana ɓoye labarin gurbi don nasa ya samu, mai zango kuwa yana baza shi ga duk wanda ya cancanta. Mai alfarma yana cewa a ɗauki wane domin nawa ne. Mai lamuni yana cewa na ga aikin wane, ga shi ku duba, in ya gaza ku tuhume ni. Shaidar da ba a gina ta a kan aikin da aka gani ba shaidar zur ce, kuma tana zubar da mutuncin sashen gaba ɗaya, har wanda ya cancanta ya zo daga baya a ƙi yarda da shi. Rashin tsari ma ba ya kawar da alfarma, sai dai ya bar ta ga masu gata su kaɗai. Ƙungiya mai buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce ke ba ɗan Dakusa abin da ɗan babban gida ya samu tun a tsakar gidansu.

Abin da Ya Kamata a Yi

Matakin farko na sashe ne da tsofaffin ɗalibansa: a buɗe kundi mai ɗauke da sunan kowane wanda aka yaye, da shekararsa, da inda yake aiki, da abin da ya yarda ya taimaka da shi. Wani zai iya duba takardar neman aiki, wani ya karɓi ɗalibi a ofishinsa don sanin makamar aiki, wani ya ba da masauki na kwana uku ga mai zuwa Yamai rubuta jarrabawar ɗaukar ma'aikata.

Na biyu, a haɗa kowane ɗalibin shekarar ƙarshe da tsohon ɗalibi guda na tsawon shekara ɗaya, a kan aiki sananne: fassarar shafi goma, ko shirin rediyo na minti biyar, ko jerin kalmomin wata sana'a. A fi haɗa waɗanda ba garinsu ɗaya ba, domin ɗan garinku kun riga kun san abu ɗaya. Ɗalibai mata su sami uwayen ɗaki daga cikin matan da suka riga su, kuma duk ganawa ta kasance a wurin aiki ko a bainar jama'a, don kare mutuncin kowa.

Na uku, a ware zauren WhatsApp na sanarwar aiki da tallafin karatu kawai, gaisuwar Juma'a da ta'aziyya su sami nasu zauren. Sanarwa ta fito da ranar rufewa a layin farko, a gajeren rubutu, saboda wanda ke ƙauye ba kullum yake iya sauke babban fayil ba. Ƙaramin asusu irin na adashi zai iya ɗaukar kuɗin motar wanda aka kira ganawa ba shi da na tafiya. Taron shekara kuma a sa shi lokacin babban hutu ko salla, sa'ad da ma'aikata ke dawowa gida.

Shi ma ɗalibi yana da nasa nauyi. Babu maigidan da ke lamuntar falken da ya zo hannu rabbana. Wanda ke zaune a Dakusa yana zaune ne a kan taskar da masanin Yamai ko na Kano sai ya yi tafiya kafin ya same ta: sunayen irin gero da kayan noma, kirarin sana'o'i, tatsuniyoyin tsofaffi, yadda Hausa ke cuɗanya da harsunan maƙwabta a ranar kasuwa. Wayar hannu da littafin rubutu sun isa a fara, bayan an nemi izinin masu magana. Mai irin wannan aiki in ya rubuta wa malami ko tsohon ɗalibi, yana da abin nunawa, kuma roƙonsa ya zama takamaimai: a duba mini wannan, ko wa ya kamata in nuna wa wannan? Lokacin hidimar ƙasa ma dama ce ta sanin mutanen wata ma'aikata. Bayan an taimake shi kuma ya koma ya faɗi yadda aka ƙare, ko an dace ko ba a dace ba, domin yaba kyauta tukwici.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa matsattsiyar hulɗa tana riƙe mutum kamar yadda take riƙe karin harshe, labari sabo kuwa ta bakin na nesa yake shigowa, kuma ba ya zama aiki sai an sami mai tsayawa lamuni. Fataken Damagaram sun gina Zango don wannan buƙata, ba su jira sarki ya gina musu amana ba. Buƙatar masana harshe tana ƙaruwa a Nijar, kuma guraben za su tafi ga waɗanda labari ya isa gare su a kan lokaci. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ƙafar farko da ta rage a ɗaga ita ce ta ƙungiyar ɗaliban sashe: kafin a yaye ajin bana, a rubuta sunayen ajin bara da na bara waccan, a nemi kowa a ji inda yake.